Huda ɓawon ɗan tayi a IVF: leza, asid, allura, ko a barshi yadda yake?

Ranar da na raka ƙanwata asibitin masu neman haihuwa domin zagayenta na biyu na IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji sannan a mayar da ɗan tayin mahaifa, bayan mun fito daga wajen likita sai wata nas ta miƙo mana takardar kuɗi, a sama ga kuɗin allurai ga na ɗebo ƙwai ga na mayarwa, a ƙasa kuma wasu layuka ne kowanne da ɗan akwati a gefensa, in kina so ki sa alama. Ɗaya daga ciki shine huda ɓawon ɗan tayi da leza. Muka tambaya wannan kuma menene, aka ce mana yana taimakawa ciki ya kama, iyakar bayanin kenan aka wuce. Ta juyo ta kalleni biro na rawa a hannunta tace Yaya in sa? Shekara tara da aure, ta saida sarƙarta da ɗan filin gadonta kafin ta zo wajen nan, kinga wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zaiyi. Nace mata ajiye biron tukunna, a bamu kwana biyu.

Abinda na tattaro a kwana biyun nan da bayansu shi zan shimfiɗa anan, domin nasan ba ita kaɗai ake miƙawa wannan takardar ba, ko a Abuja ne ko Legas ko Alƙahira ko Indiya.

Menene ɓawon, kuma me yasa ake hudashi

Ƙwan mace yana da wani ɗan ɓawo mai laushi da ya lulluɓeshi, likitoci na ce masa zona. Ƙwan gaba ɗayansa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗori ba, kamar ɗigon bakin allura, ɓawon kuma kaurinsa wajen maikiromita 15 ne, sirin gashin kanki ya ninka shi sau da yawa. Bayan maniyyi ya shiga, ɗan tayin yana rarrabuwa ne a cikin wannan ɓawon, rana ta 3 yana da ƙwayoyin halitta 6 zuwa 8, rana ta 5 sun haura ɗari, ya tara ruwa ya kumbura, ɓawon yayi siriri har ya tsage, ya fito. Sai ya fito ne zai iya maƙalewa a bangon mahaifa. Ƙyanƙyasa ce dai kamar ta ɗan tsako, kuma kowannenmu ta haka ya biyo.

Toh sai masana suka yi tunani, ko wasu cikin basa kamawa ne saboda ɓawon yayi tauri ko kauri, ɗan tayin ya kasa fita? Musamman na mace mai shekaru, ko wanda aka daskarar aka narkar. Jacques Cohen da abokan aikinsa ne suka fito da dabarar taya shi fita a 1990, shekara 12 kenan bayan haihuwar jaririyar IVF ta farko a Ingila a 1978. Tunanin yana shiga hankali sosai, duk wanda aka yiwa bayani zai gyaɗa kai. Amma shiga hankali daban, aiki a jikin mutane daban, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Ma'aunin da zan auna kowanne dashi

Na farko kuma babba: jariri a hannu. Ba layi biyu akan tsinken gwaji ba, ba ɗan duhu a hoton sikanin ba, haihuwa da rai. Da yawan lissafin da ake nunawa mutane na ɗaukar ciki ne, kuma duk wadda ta taɓa ɓari ta san nisan dake tsakanin biyun.

Na biyu kuɗi. Na uku sauƙin aikin, wato minti nawa ɗan tayin zaiyi a waje da na'urar ɗumi, domin duk lokacin da yake waje zafinsa na sauka kuma ruwan da yake ciki na canzawa. Na huɗu daidaito, shin abinda aka yiwa waccan jiya shi za'a miki yau ko ya danganta da hannun wanda ke bakin aiki. Na biyar haɗari. Sannan ki riƙe abu ɗaya a ranki, huda ba'a ɗinke ta, in an yi an yi.

Zaɓi na farko: a barshi ya fito da kansa

Na fara da wannan ne da gangan saboda ba'a rubuta shi a takardar kuɗi, sai mutum ya manta cewa shima zaɓi ne. Kuɗinsa sifili, ba'a ƙara fitar da ɗan tayin waje, ba zafi ba asid ba tsini. Tambayar kawai itace, shin in kin barshi kin rage wa kanki rabo?

A 2021 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen asibiti su auna su wuri ɗaya, sun haɗa bincike 39 da suka shafi mata 7,249. A wajen ɗaukar ciki sun ga kamar hudawa na ɗan ƙara wani abu kaɗan, amma da aka zo kan haihuwa da rai, wanda 14 ne kawai cikin binciken suka bi matan har can, sai lissafin ya fito haka: in cikin mata 100 da ba'a huda musu ba 28 sun haihu, to na waɗanda aka huda musu zai faɗa ne tsakanin 27 da 34. Ki sake kallon lambobin. Zai iya zama ƙari, zai iya zama babu komai, zai ma iya zama ragi kaɗan. Bayan nan an sake yin manyan gwaji guda biyu da leza, ɗaya a Holan da aka wallafa a 2023 akan ma'auratan da aka sha mayar musu bai kama ba, ɗaya a Italiya a 2024 akan 'yan tayin rana ta 5 da aka daskarar, wato daidai rukunin da aka fi cewa suna buƙata, kuma duka biyun basu ga haihuwa ta ƙaru ba.

Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ma bata bada shawarar ayi ba, ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ASRM a 2022 tace kar a dinga yiwa kowa da kowa, kuma ko ga masu wahalar kamawa da masu daskararren ɗan tayi hujjar bata isa ba, ta Turai ESHRE ma a 2023 bata goyi baya ba. Hukumar HFEA mai sa ido akan asibitocin haihuwa a Birtaniya tana saka shi a jerin ƙare-ƙaren da ake sayarwa a gefen magani, kuma bata bashi koren launi ba, wato alamar da take baiwa abinda aka tabbatar yana aiki. Wallahi da aka ce ƙanwata ta san wannan tun a ofishin nan da hannunta bai yi rawa haka ba.

Zaɓi na biyu: tsagawa da allura

Ita ce tsohuwar hanya. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai riƙe ɗan tayin da wani siririn bututun gilas, ya soka allurar gilas ta shiga ɓawon ta fita ta ɗaya gefen ba tare da ta taɓa ƙwayoyin ciki ba, sannan ya goga wajen da bututun har ya tsage. Ba sinadari ba zafi, kayan aikin kuma duk ɗakin da ke yin ICSI, wato cusa maniyyi ɗaya cikin ƙwai da allura, yana dasu, dan haka tafi araha ga asibiti. Matsalarta hannu ne. Tsagar yau ba lallai ta zama irin ta gobe ba, tana cin lokaci, kuma in tsagar tayi ƙanƙanta ɗan tayin na iya maƙalewa rabi ciki rabi waje. A hannun gwani tana tafiya lafiya, a hannun ɗan koyo kam bazan so ba.

Zaɓi na uku: asid

Ana zuƙar wani ruwa mai tsami da ake kira asid ɗin Tyrode a bututu, a kai bakinsa jikin ɓawon a dinga fesawa a hankali har ya narka rami, da ya ɓule sai ayi maza a zuƙe ragowar a wanke ɗan tayin sau da yawa. Ruwan bashi da tsada. Amma tsaminsa na kusa da na lemon tsami, kuma tsakanin ɓawon da ƙwayoyin halittar babu wani nisa, in aka yi jinkirin daƙiƙa kaɗan ya shiga ciki zai ƙone ƙwayar dake kusa. Girman ramin ma da ƙyar ake iya ƙayyade shi. Akwai 'yar uwar wannan hanyar da ake jiƙa ɗan tayin a sinadarin pronase ya cinye ɓawon ko ya rage masa kauri ta ko'ina. Yawancin ɗakunan da suka samu halin sayen leza sun ajiye asid, kuma ni a ganina sun yi daidai.

Zaɓi na huɗu: leza

Wannan shine wanda za'a fi tallata miki. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara amfani da irin lezar da ake yayi yanzu, wadda haskenta ido baya gani kuma babu abinda ke taɓa ɗan tayin. Ana ɗaura ta a jikin madubin ƙara girma, ɗan tayin na kwance a farantinsa, ma'aikacin na kallonsa a allon kwamfuta. A wani bidiyon koyarwa na ga yadda ake yi: ƙwallo ne mai haske zagaye da zobe kamar gilas, sai aka kai wani ɗan da'ira kan zoben a inda yafi nisa da ƙwayoyin, aka danna, nan take wajen ya ɓace kamar an ɗiga ruwan zafi akan kitse, aka matsa kaɗan aka sake dannawa sau biyu ko uku, shikenan. Kowane harbi baya kai ƙiftawar ido.

Akan sauƙi da daidaito babu mai kamo ta. Girman ramin na'ura ce ke ƙayyadewa, aikin baya ɗaukar lokaci, ba wanke-wanke, kuma bambancin hannun wannan da na wancan ya ragu sosai. Iri biyu ake yi da ita kuma yana da kyau ki tambaya wanne zasu miki: ko a ɓula rami har ciki, ko a kankare ɓawon a rage masa kauri a wani yanki, kamar kwata ko rabinsa, ba tare da an ɓula ba. Mai kankarewa yana barin ɗan tayin a rufe, ba ƙwayar da zata zubo, mai ɓulawa kuma ƙofa ce a buɗe.

Kuɗi fa? Na'urar dubban daloli ce daga waje ake shigo da ita, kuma asibitin da ya saya dole ya fanshe, dan haka kusan kullum ita ce mafi tsada cikin ukun. A Ingila da Amurka ɗaruruwan fam ko daloli ake ɗorawa akan kuɗin zagayen, wasu asibitocin kuma suna cusa shi cikin dunƙulallen farashi ki ga kamar kyauta ne. A wajenmu da IVF ɗin kansa miliyoyin naira ne kuma kusan kowa daga aljihunsa yake biya, ko wane ƙari yana da nauyi, domin kuɗin nan zai iya zama na daskarar da ragowar 'yan tayi ko na magungunan riƙe ciki.

Haɗarinta zafi ne. Leza da zafi take narkar da ɓawon, in aka harba kusa da ƙwaya ko aka tsawaita harbin zata iya lahanta ta. A rana ta 3 da ƙwayoyin basu gama mannewa da juna ba, in rami yayi faɗi wata na iya fita. Haɗarin kaɗan ne a hannun wanda ya iya, amma ba sifili bane.

Ga inda nake so a fahimce ni da kyau, saboda anan ake ruɗa mutane. In tambayar itace da wane kayan aiki za'a huda, leza ce amsa ba gardama. In tambayar itace a huda ko kar a huda, kyawun kayan aikin bai amsa ta ba. Gwaje-gwajen Holan da Italiya da na faɗa ai duk da leza aka yi su.

Maganar tagwaye

Dole in daɗe anan. Cochrane ɗin nan sun ga hudawa na iya ƙara yawan cikin da ya wuce ɗa ɗaya, in ba hudawa 9 ne cikin 100, da hudawa tsakanin 10 da 14. An kuma daɗe ana zargin cewa ɗan tayin da ya matse ta ƙaramin rami na iya rabewa biyu ya zama tagwaye masu kama ɗaya. Da na faɗawa mahaifiyarmu haka dariya tayi tace wannan ai ba haɗari bane, Allah ya kawo Hassan da Usaini, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Kuma na gane ta, macen da ta shekara tara tana shan gori a gidan biki da gidan suna ba zaka ce mata biyu matsala bane.

Amma cikin tagwaye ba irin cikin ɗaya bane. Fiye da rabinsu basa kai wata tara cif, bakwaini ake haifa, hawan jini da jijjiga sun fi kama uwar, zubar jini bayan haihuwa ya fi yawa, tiyata ta fi yawa. Masu kama ɗaya kuma sau da yawa mabiyiya ɗaya suke rabawa, jini na iya karkata wajen ɗaya ya bar ɗaya, abinda ke buƙatar sikanin akai-akai wajen ƙwararre. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, in suka zo a wata bakwai, asibitin da ke kusa dake yana da kwalba, yana da wutar da bata ɗaukewa, kuma bayan kuɗin IVF akwai sauran abinda za'a biya sati huɗu ko shida na kwanciya? Cikin da aka saida fili aka samo shi ba na wasa dashi bane. Shi yasa in har za'a huda, yawan 'yan tayin da za'a mayar ma abin zama ayi magana ne, ba a huda uku a zuba miki gaba ɗaya ba.

Ga shi a taƙaice a tebur

| Hanya | Jariri a hannu | Kuɗi | Sauƙi da sauri | Daidaito | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| A barshi | shine ma'aunin sauran | babu | ba'a taɓa shi | ba hannun kowa | babu ƙari |
| Allura | ba'a tabbatar da ƙari ba | kaɗan | a hankali | ya danganta da gwani | tsaga mara daidai, maƙalewa |
| Asid | ba'a tabbatar da ƙari ba | kaɗan zuwa matsakaici | sai an wanke | rami na bambanta | ƙone ƙwayar dake kusa |
| Leza | ba'a tabbatar da ƙari ba | mafi tsada | mafi sauri | mafi daidaito | zafi in an harba kusa |

Ƙarin yiwuwar tagwaye ya shafi duk hanyoyin hudawar guda uku.

Ta fuskar addini, malamai tun fatawar Masar ta 1980 sun halatta IVF in ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren na nan, hudawa bata shigo da wani na uku cikin lamarin ba, dan haka zaɓin nan na lafiya ne da aljihu.

Toh wa ya dace da wanne

In zagayenki na farko ne, shekarunki basu ja ba, 'yan tayin sun yi kyau: ki barshi. Babu wata hukuma da ta ce kina buƙata, ki adana kuɗin.

In an mayar miki sau biyu ko uku bai kama ba, nan ne zuciya tafi rauni kuma nan aka fi miƙo takardar. Kafin ɓawo a duba abubuwan da suka fi shi ƙarfi: cikin mahaifar ko akwai tsiro ko tabo ko fibroid da ya turo ciki, bututun da ya tara ruwa, kaurin shimfiɗar mahaifa, ingancin maniyyin maigida. Ga mace da ta haura 38 kuwa, abinda yafi hana ciki zama shine matsalar ƙwayoyin gado a cikin ƙwan kansa, kuma rami a ɓawo baya gyara wannan. In duk an duba, likita ya nuna miki dalili a fayil ɗinki, kuɗin kuma bazai taɓa na zagaye na gaba ba, kina iya gwadawa, amma da leza, da sanin cewa gwaji ne ba alƙawari ba.

In daskararren ɗan tayi za'a mayar, wasu ɗakunan al'adarsu ce su huda duka. In yana cikin farashi kuma sun saba, ki tambaya dalili ki ji, kina da ikon cewa a'a. In kuɗi daban ne, ni dai bazan biya ba.

In ma'aikacin ɗakin gwaji ya ga ɓawon yayi kauri fiye da ƙima ko siffarsa ta bambanta, ki ce a nuna miki hoton a faɗa miki awon. Wannan dalili ne da ya shafe ki ke kaɗai, ya fi "kowa muna yiwa" nesa ba kusa ba.

In za'a yi gwajin ƙwayoyin gado, misali ku biyun kuna AS kuna gudun haifar mai sikila, toh wannan wata magana ce daban. Dole a buɗe ɓawon domin a ciro ƙwayoyi kamar 5 zuwa 10 a rana ta 5 ko ta 6, kuma leza ce kayan aikin da ake yi da ita. Anan ki nemi ɗakin da ke da ita kuma ya saba, sannan ki duba kar a caje ki kuɗin hudawa daban bayan kuɗin ciro ƙwayoyin, ƙofa ɗaya ce.

In asibitin da kike bashi da leza, allura ko asid kawai suke dashi, kar ki tashi ki canza gari saboda wannan kaɗai, ki zaɓi a barshi. Abinda yafi cancanta ki bincika a ɗakin shine na'urar ɗumi da tanadin wutarsu in an ɗauke, da kuma mata nawa masu irin shekarunki suka haihu a hannunsu bara.

Mu da muka koma bayan kwana biyun, ƙanwata ta tambayi likitan abu uku: me kuka gani a 'yan tayina da yasa nake buƙata, ɓulawa zaku yi ko kankarewa, kuma nawa zaku mayar. Yace gaskiya ɓawon nasu lafiya lau yake, kowa suke baiwa zaɓin. Ta bar akwatin ba alama, kuɗin ta biya dashi aka daskarar mata da guda biyun da suka rage.